Hannun Matar Maɗori

Shafi na 19

Masu aiko min saƙo kuna cewa na bar Inna Yalwa kwance a ɗakin tiyata na tafi harkokina, ku kwantar da hankalinku. Ta fito da ranta. Asirinta ne dai ban ba ku tabbacinsa ba.

*

Rana ta ɗan ɗaga, Inna Yalwa na zaune a inuwar dogon yaro a tsakar gidan autarta Iklima a Maiyama. Hannunta na dama na ɗore kan matashi biyu kamar wani basarake, tun daga gwiwar hannu har tafi simintin asibiti ne fari fat, kan yatsu kawai ke leƙowa.

A sanin mijinta Malam Attahiru, maɗorin da ake sallama da shi a Aliero, tana nan ne tana kula da wankan jegon Iklima. Bai san an kai ta Sakkwato an yi mata aiki a wuyan hannu ba. Kuma ba mutumin da za a gaya wa ba ne, don shi a bakinsa likitan tiyata ba shi da wani suna sai mahauci mai farar riga.

Tana cikin kurɓar kunu da hagu ta ji ƙarar babur. Ba kowane babur ba. Wannan sai ya yi tari sau biyu kafin ya mutu, kamar tsohon da ya shaƙi yaji.

Ta ajiye kofin a hankali.

"Iklima."

"Na'am, Inna."

"Kin ji abin da na ji?"

Iklima na bakin murhu tana fifita wuta. "Inna, garin ga cike yake da babura."

"Tun kina firamare nike jin tarin wanga. Ubanki na."

Kafin Iklima ta buɗe baki sai ga sallama daga zaure, murya mai kauri, irin ta wanda ya saba tsawata wa ƙarti suna ihu a ƙarƙashin hannunsa.

Mafici ya faɗi daga hannun Iklima. Mijinta yana makaranta wurin aiki, babu wanda zai tare baƙo da hira a waje. Ta dubi ɗaki, ya yi nisa. Ta dubi hannun, ya yi girma. Idonta ya sauka kan shawul ɗin jaririnta da ke shanye a igiya. Ta fizgo shi, ta naɗe hannun uwar tsaf, ta ɗora masa 'yar hular ulu a kan yatsun, ta kwantar mata da shi a ƙirji.

"Rungume shi, Inna. Ki riƙa jijjigawa."

"Hannun nawa za ni jijjiga?"

"Likita yac ce kak ki motsa yatsu. Bai ce kak ki jijjiga ba."

"Allah shi shirye ki."

"Amin. Baba, shigo mana, sannu da zuwa."

Malam Attahiru ya shigo, gajere, kakkaura, rabin buhun albasa a kafaɗa, jakar fatarsa ta aiki rataye a ɗaya kafaɗar. Ya dire buhun, Iklima ta shimfiɗa masa tabarma tana gaishe shi da gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo. Har kajin gida sai da ta tambaya.

Ya ce kiransa aka yi bayan gari, wani ya faɗo daga amalanke cinya ta karye. Ya gama ɗori ya ga bai kamata ya wuce bai leƙo ba.

Ya dubi matarsa. "Yalwa, kin samu wuri kin miƙe ƙahwa. An yi arba'in ɗin ga ko sai baɗi?"

"Saura kaɗan, Malam. Ya gida?"

"Gida shina nan inda kika bar shi." Ya nuna abin da ke ƙirjinta da haɓa. "Miƙo min wanga da ya ƙwace min mata in gan shi."

"Barci shikai."

"Addu'a ba ta tada mai barci."

Ya taso. Yalwa ta ƙara jijjigawa, har da 'yar waƙar rarrashi a maƙoshi. Zufa ta tsattsafo mata a goshi. Malam ya tsuguna, ya karanta abin da zai karanta, ya tofa, sannan ya ɗora tafinsa a kan hular.



Hannun maɗori ba ya ƙarya. Ya shafa ƙasa kaɗan. Ya sake shafawa. Sannan ya lanƙwasa yatsa ya ɗan ƙwanƙwasa.

Ƙwas. Ƙwas.

"Iklima."

"Na'am, Baba."

"Mi kike sha kina shayar da yaron ga?"

"Kunun kanwa, Baba."

"Kanwar ta yi yawa."

Ya bi tsawon shawul ɗin da taƙi. "Ya ƙara tsawo, ya rame. Kuma ban ji kahwaɗa ba."

"Irin gidan ubansa na," in ji Iklima. "Duk haka suke."

A daidai nan Abdulhakim, jaririn gaskiya, ya ga barci ya ishe shi. Ya callara kuka daga cikin ɗaki, kukan da har maƙwabta sun san na wane ne.

Yalwa ta daina jijjiga. Wata kaza ta ratsa tsakaninsu ta wuce abinta.

Malam ya dubi ɗaki. Ya dubi shawul. Ya dubi 'yarsa.

"Ran suna ɗaya na gani."

"Ɗan maƙwabta na, Baba. Ajiya anka ba ni."

"To ɗauko ɗan maƙwabta ki ba shi nono. Ke kuma Yalwa, buɗe min namu."

Yalwa ta ga gudu ya ƙare. Ta sa hagu ta cire hular, ta warware shawul ɗin da kanta, ta mayar da hannun kan matashi.

Malam Attahiru ya ja baya ya zauna daɓas. Ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar amsa na ciki, ya mayar.

"Wa ya yi miki wanga gini?"

"Likita."

"Ina?"

"Sakkwato."

"Sakkwato." Ya gyaɗa kai. "Gwamnati ta sha wahala ta raba mu da Sakkwato, ta ba mu jiharmu, ke kin kwashi hannu kin mai da musu."

Ya nuna farin simintin da yatsa.

"Siminti kaɗai sunka shahwa, ko akwai abin da ke ƙasa?"

"Sun yanka, Malam."

Ya yi salati ƙasa ƙasa. Ya jawo jakar fata, ya zaro 'yar wuƙar da yake fere karan ɗori da ita, ya goga ta a gefen riga.

"Miƙo."

Iklima ta fito da jariri a kafaɗa, ta zube gabansa. "Baba, don Allah. In anka buɗe yanzu ɗinkin zai ɓalle. Aikin duka zai lalace."

"Ni na haihe ki ko ke kika haihe ni? Ƙashi ba shi son ganin rana. Sun buɗe mai ƙohwa iska ta shiga, sun toshe da siminti kamar rumbu. Miƙo in ga ɓarnar da sunka yi tun da sauran gyara."

Yalwa ba ta miƙa ba. Ba ta kuma ɓoye ba. Ta dube shi irin duban da rabonta da yi masa tun suna da ƙuruciya.

"Malam, in tambaye ka?"

"Bayan na gama."

"Wa ke ɗaura min zane da sahe?"

Wuƙar ta tsaya a sama. "Wace irin magana ta wagga?"

"Hussaina matar ƙanenka. Kullum kana masallaci take shigowa ta ɗaura min, ta hita kahin ka dawo, don kak ka ji kunya. Ita ke tuƙa tuwon da kake yabo kana cewa hannuna ya hi na kowa."

Malam ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Ban ce ba ka yi ƙoƙari ba. Ka shahwa man shanu har ƙuda sunka san sunana. Ka sa anka yi min ƙaho. Ka ɗaure ni da kara alhali ba abin da ya karye, da ka kwance hannun ya ƙara sandarewa. Yatsu sunka kwanta gehe ɗaya kamar geron da iska ta bi ta kai, ka ce sanyi na, zai hita. Ran da biyun ƙarshe sunka hwaɗi sunka ƙi tashi, mi ka ce?"

"Na ce aikin mahassada na."

"Mahassada mi za su yi da ƙaramin yatsana?"

Iklima ta cusa fuska a bayan jariri, kafaɗunta na rawa.

Yalwa ta ci gaba, muryarta ta sauka. "Ran sunan yaron ga anka miƙo min shi, na kasa karɓa. Na ce mura nike yi. Na shiga bayan ɗaki na yi kukana na share. Nan na ce ko yanka ni za a yi gunduwa gunduwa sai na tahi asibiti."

Malam ya sauke wuƙar kan gwiwa. Ya sunkuyar da kai.

"Mi ya hana ki hwaɗa min?"

"Na hwaɗa. Ka ce ran da na taka asibiti kak in sake cin tuwon gidanka."

"Maganar hushi ta."

"Ba ka ce ta hushi ta ba. Ka hau babur ka tahi."

Ya yi gyaran murya. Ya kori ƙudan da babu shi. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "To shi mahaucin, mi yac ce ke damun hannun?"

"Yac ce ba karaya ba ta, ba targaɗe ba. Amosanin gaɓɓai na. Shina cin gaɓa daga ciki kamar gara cikin azara, waje lahiya lau, ciki ya rube. Kan ƙashin ga na gehen wuyan hannu ya goce ya yi kaihi, shi ke goga jijiyar yatsu kullum, har ta tsinke kamar igiyar guga a bakin rijiya."

Malam ya ɗago kai. Ba da son ransa ba.

"Tsinkewa ta yi?"

"Biyu."

"Shi ya sa na ja na ja ba su tashi ba." Ya faɗa wa kansa ne, amma kowa ya ji. Ya ɗan matso. "Sai sunka yi yaya?"

"Sunka kankare kumburin. Sunka datse kan ƙashin. Jijiyar da ta tsinke sunka ɗinke ta jikin ta yatsan da ke kusa, in wancan ya tashi su tashi tare."

"Ɗinki? Da mi?"

"Zare."

"Jijiya da zare, kamar wando." Ya ƙara matsowa. "Kin gani da idonki?"

"Barci sunka sa ni, Malam."

"Ka ji sakarci. A buɗe miki ƙashi ki kwanta barci. Da ni na, da na leƙa."

 Sannan ya waiga ya tabbatar babu kowa a zaure, ya rage murya.

"Ba su hwaɗa miki ba, shi ƙashin mai rai, hwari na ko ja?"

Yalwa ta dube shi. Mutumin da ya ɗora ƙasusuwan rabin ƙasar nan, daga na jarirai har na raƙuma, ashe bai taɓa ganin ko ɗaya da idonsa ba. Tausayinsa ya kama ta, dariya ma ta kama ta, ta rasa wanne za ta bari ya fito.

"Ban tambaya ba."

"Ba ki da amfani wurin tahiya."

Ya ajiye wuƙar a tabarma. Ya kamo kan yatsunta da yatsa biyu, a hankali, yadda bai taɓa kama hannun majinyaci ba. Ya danna farce ya saki, ya ga jini ya dawo. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Kina jin wanga?"

"Ina ji."

"Wanga hwa?"

"Ina ji."

"Hm. Jini na gudu." Ya taɓe baki. "Mahaucin ba laihi. Ya san hanyar jini. Wataƙila kakansa ɗan Aliero na."

"Bayarabe na, Baba."

"Mutanenmu sun yi yawo."

Ya tambaya ko shi ke nan ciwon ya tafi. Yalwa ta ce a'a, likita bai yi mata ƙarya ba. Ya ce ciwon yana jini, magani za ta yi ta sha, hannun kuma ba zai koma na budurwa ba. Amma in Allah ya yarda za ta ɗaura zanenta, ta riƙe buta, ta ɗauki jikanta. Na hagun ma ya ce a sa masa ido.

"Ɗaya dai ya ishe su," in ji Malam. "Na hagun nawa na."

Yalwa ta gyara zaman hannunta kan matashi. Ta bar wannan yaƙin sai ranarsa.

Sai kuma ta ga fuskarsa ta sake. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Aliero. Yalwa, kin tuna da Aliero? Ki shiga gari da wanga gini, matar Attahiru guda. Gidan su Waliyyu, kishiyoyinmu wurin ɗori, rago za su yanka. Tun zamanin iyayenmu suke jiran ranar da za a ce ɗorin gidanmu ya kasa. Gobe wa zai kawo min ƙahwa tai?"

"Sai in zamna nan har a cire."

"Maiyama ba ta da baki? Masu albasa kullum suna hanya."

Ya miƙe ya kai gwauro ya kai mari. Idonsa ya faɗa kan dangar kara da ta raba su da maƙwabta. Ya tsaya.

"Iklima, zaro min kara. Masu kauri."

Iklima ta miƙa wa uwar jaririn a cinya, ta zaro. Malam ya zauna ya fere su daidai wa daida, ya jera su kewaye da simintin, ya ciro tsumman ɗori daga jaka ya shiga naɗi. Ya naɗe farin nan kaf, ko ɗigo bai bari ba. Ya lakato man shanu ya shafe saman, ya tofa.

Yalwa na kallonsa. "Malam, mi na na wanga?"

"Santsi ya kwashe ki wurin wankan jego. Allah ya sa ina kusa."

"Ƙarya za ni yi da tsuhwana?"

"Wa yac ce ki yi magana? Ki yi shiru, kara zai yi bayani."

"In hannun ya warke wa za a gode ma?"

"Allah."

"Bayan Allah hwa?"

"Ɗaga min nan in ɗaure."

Iklima ta kasa riƙewa, ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Malam ya harare ta, amma gefen gemunsa na motsi. Yalwa ta ji wani dutse da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinta. Ta ce a ranta, ashe abin zai zo da sauƙi haka.

Yana ɗaurin ƙarshe, bakin tsumma a haƙoransa, ya ce, "Abu ɗaya dai ban gane ba."

"Mi?"

"Na ji an ce mutanen ga ba su sa ma matar aure wuƙa sai mijinta ya tsaya gabansu yac ce ya yarda. Ku ya kunka yi?"

Dariyar Iklima ta ɗauke kamar an hure fitila.

Yalwa ta dubi Iklima. Iklima ta dubi inuwar dogon yaro, ta ga inda ta kai. Sai yanzu suka tuna abin da rikicin nan ya mantar da su. Gobe ne cire zare, yau za a zo a ɗauke su su kwana Sakkwato.

"Da ku nike," in ji Malam.

Mota ta yi oda a ƙofar gida.

Wani direba ne mai suna Yaro, ɗan kawun Yalwa na Jega Firchin, taubashinta, mai jigila tsakanin Jega da Sakkwato. Shi ya kai su asibiti. Mutum ne da bakinsa ke riga ƙafarsa shiga gida, yau ma tun daga zaure ya fara.

"Salamu alaikum masu jego. Ina uwargidana? Hito mu kama hanya, Malam Attahirunki ya iso."

Iklima ta yunƙura za ta ruga zaure. Uban ya ɗaga mata yatsa ɗaya. Ta koma ta zauna.

"Yau tun daga gida na sako kayan aiki," muryar na ƙara matsowa. "Har hararar tashi na koyo. Kin san likita yac ce bai taɓa ganin maɗori mai saukin kai irina ba? Na ce mai ai ɗori tsohon yayi na, ni kaina na gaji da shi. Gobe za ni ce mai..."

Ya sako kai tsakar gida.

Rawani ne a kansa, naɗin malamai. A jikinsa kuwa babbar riga ce shuɗiya mai aska takwas, rigar Sallar Malam Attahiru, wadda Yalwa ta zaro daga ƙasan akwati ranar da za ta sake tahowa bayan suna. Ta yi wa Yaro gajarta, ƙwaurinsa duk a waje.

Ya ga babu mai dariya. Ya bi idon matan da kallo har ya sauka kan tabarma.

Makullin mota ya suɓuce masa.

"Malam," ya ce, muryar ta koma ta ɗan akuya. "Ashe kana gari."

Malam Attahiru ya dubi rigar tun daga wuya har ƙasa. Ya tofar da bakin tsumman da ke haƙoransa. Ya jawo ragowar karan da Iklima ta zaro, ya jera su gabansa a natse, ya gwada tsawon ɗaya da ƙwaurin Yaro daga nesa. Sannan ya matsa ya buɗa masa wuri a tabarma.

"Bismilla, Malam Attahiru. Zo ka zamna, ka nuna min ƙahwar da ba ka taka burki da ita."